Jiƙaƙƙen Tsumma a Kan Tulu

Rub da ciki aka same ta a ɗakin shanya, tsakanin layukan ɗanyun tukwane. Takalminta ɗaya ya fita. Kyamararta na rataye a wuya, ta danne ta da ƙirji. Ƙeya ta fashe, jinin ya bi gangaren daɓe ya taru a gindin wata randa, ƙudaje har sun fara zaman makoki.

Su kaɗai ne ma masu makokin. Sufeto ya daɗe yana ganin gawa, amma bai taɓa ganin wadda mutane suka cika ƙofa a kanta ba tare da an sami mai share ido ko ɗaya ba. Magina tukwane ne, maza da mata, hannuwa duk laka, suna kallo kamar masu jiran mota.

"Wace ce?" ya tambaya.

"'Yar Jirgi suke ce mata," in ji Saje. Saje shi ne mataimakinsa, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda ya yi imani babu gaskiyar da kulki ba ya zaƙulowa. "Daga ƙasar waje wani kamfani ya turo ta, ta zauna da su. Ita ke zaɓar tukwane, ta ɗauke su hoto, a zuba a kwali a kai can. Masu saye kuwa ba ruwa suke zubawa a ciki ba, ranka ya daɗe. A falo suke dasa tulu suna kallo."

"Wa ya fara ganinta?"

"Tafintanta, ɗan mai wurin nan. Da rana tsaka kowa ya fita cin abinci. Da suka dawo suka tarar da shi tsugune a kanta, riga sharkaf da jini." Saje ya washe baki. "Yana mota. Na gama maka aikin."

Sufeto ya tsuguna. Kusa da kan gawar akwai wani mulmulallen dutse, daidai cikin tafin hannu, irin wanda magina ke tokare cikin tukunya da shi in suna bugun bayanta. Gashin kai ya manne a jikinsa. Ya sa aka naɗe shi a leda. Sannan ya ɗaga hannun matar na dama. Yatsun fes suke, ban da babban yatsa. Shi kaɗai ya sha laka har ƙarƙashin farce.

Ya miƙe. A kan wani katako, dab da inda ta faɗi, akwai wani dogon abu lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. An murɗa gefen tsumman an zagaya wuyan abin da shi, aka cusa bakin ciki, tsaf, kamar an yi wa jariri goyo. Sufeto ya ja.

"Kai, ɗan sanda! Mayar!" wata tsohuwa ta daka tsawa daga bakin ƙofa. "Ɗanye ne, ba a gama ba! Iska za ta tsaga shi!"

Saje ya fashe da dariya. "Ka ji su. Ga mutum kwance, tulu suke jinya."

Sufeto bai mayar ba tukuna. Tulu ne, kuma ko wanda bai san gini ba ya gan shi sai ya tsaya. Dogon wuya siriri, ciki zagaye kamar wata daren tsakiya, jiki sumul. A ɓangaren da ya fuskanci gawar, ɗigo-ɗigon jini sun fantsama daga ciki har wuya. A kafaɗa ne kawai akwai wani wuri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, da babu ɗigo ko ɗaya, kuma lakarsa ta fi ta sauran duhu. Ya haska tocila ta bakin tulun, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya juya tsumman gaba da baya. Bayansa tas yake.

"Na wane ne wannan?"

"Na Gwani," suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan makaranta.

Ya mayar da tsumman iya iyawarsa, ya kulle ɗakin bayan an fitar da gawar, ya bar ɗan sanda gadi da umarnin ya riƙa yayyafa wa tsumman ruwa.

Bai kai tsakar gidan ba waya ta yi ƙara. Yallaɓai ne, shugaban ofishinsu.

"Gobe da hantsi mutanen ofishin jakadancinsu za su iso," in ji Yallaɓai. "Ina son su tarar da mutum cikin ankwa, ya amsa laifi, ya sa hannu. Baƙuwa ce aka kashe, ba 'yar talla ba. An ce kun kama tafinta?"

"An kama shi, amma—"

"Babu amma. Bar shi da Saje."

Sufeto ya san abin da ke bayan wannan sa hannun. Igiyar rataya ce. Ya kuma san babu mai kwana ɗaya a hannun Saje bai sa hannu ba.

Mai wurin yana zaune a kujera ƙarƙashin rumfa. Gwani ake ce masa, har an manta da sunansa na gaskiya. Tsoho ne mai farin gemu, fuska ta tattare kamar busasshen tabki. A bango bayansa an kafa ƙaton hotonsa rungume da tulu, irin hoton da ake rataya wa kowace tukunya a wuya kafin ta hau jirgi. Hannuwansa biyu suna cikin hannun riga.

Can gefe wata mace tana cikin rami tana tattaka laka da ƙafa. Babbar 'yarsa ce, aurenta ya mutu tuntuni ta dawo gida. Mai Kwaɓi suke ce mata, don aikinta ke nan. Ba ta ɗago kai ba.

"Baba, ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Cikin gida, nan bayan katanga. Ina cin abinci, ga wadda ta zuba min can." Ya nuna ta da gemu. "Ba ta gusa daga gabana ba."

"Sauran magina fa?"

"Tare suke fita, tare suke dawowa. Tambaye su."

"Ɗanka?"

"Da safe ya yi ta ɗaga wa baƙuwar murya, kowa ya ji. Da rana kuma na leƙa ta taga, na gan shi ya shiga ɗakin shanya."

Sufeto ya dube shi da kyau. "Baba, ɗanka ne fa. Ka san inda maganar nan za ta kai shi?"

"Ni na haife shi, ba kai ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nawa ko rarrafen bai iya ba. Ba shi laka ka ce ya gina kwano, sai ya gina maka takalmi. Boko ya je ya sha, ya dawo yana sayar da baki."

Sufeto ya juya wajen ramin. "Yaya, haka aka yi?"

"Yadda Baba ya faɗa," ta ce. Ƙafafunta ba su daina tattaka ba.

Ya bi sauran maginan ɗaya bayan ɗaya, kowa a keɓe. Bakinsu ya zo ɗaya: tare suka ci abinci a rumfar bakin titi, mai rumfar ma ya shaida. Da ya tambayi wa ke gaba da 'Yar Jirgi, nan ma bakinsu ya zo ɗaya. Dillali.

Shagon Dillali yana bayan kasuwa, cunkushe da tukwane har rufi. Mai shagon na zaune ya tallafe kunci, fuskarsa ta kumbura gefe ɗaya kamar ya ɓoye ƙwai a baki.

"Na ƙi jininta, ba na ɓoyewa," ya ce da ƙyar. "Kafin ta zo, duk tukunyar da ta fito daga gidan Gwani ta hannuna take bi. Ta sauko daga jirgi ta raba ni da abincina. Amma ranka ya daɗe, tun hantsi ina kan kujerar likitan haƙori, baki hangame kamar kada. Ga ramin nan, leƙa ka gani."

Sufeto bai leƙa ba. Ya buga wa likitan waya, likitan ya ce haka ne, har ma mutumin ya cije shi.

"In ka shiga ɗaki ka ga ɗanyen tulu a buɗe, za ka rufe shi?" ya tambayi Dillali.

Dillali ya yi dariya har ciwon ya soke shi, ya dafe kunci. "In rufe? Tulun da ya tsage ai shi ne rabona. Shi ake ba ni a wulaƙance, in liƙe, in shafa masa ja, in sayar wa mai gaggawa."

Idon Sufeto ya faɗa kan wasu tuluna biyu a kan kanta. Ƙira ɗaya, wuya ɗaya. Ɗaya sumul yake. Ɗayan yana da lotsawa a kafaɗa.

"Wannan faɗuwa ya yi?"

"Ina! Aikin marigayiya ne. Wancan mai kyan na da ne, wannan na zamaninta." Dillali ya matso, murya ta sauka. "Matar nan ba ta san tukunya ba, amma ta san mutanenta. Can in suka ga abu ya yi kyau da yawa, sai su ce aikin inji ne, su dawo da shi. Karkata suke so su gani, su ce Allah sarki, hannun tsoho. Shi ne ta riƙa bin ɗanyun tulunan Gwani tana danna musu babban yatsa a kafaɗa. Kowanne. Sai ya lotsa take cewa ya yi."

"Gwani ya yarda?"

"Gwani? In dai hotonsa na rataye a wuyan tulun, ko da ƙafa za ta taka bai damu ba."

Rana ta yi sanyi lokacin da Sufeto ya koma ofis. Tun daga baranda ya jiyo ƙarar. Ya tura ƙofar ɗakin baya, ya tarar da Saje daga shi sai singileti, gumi na zuba.

"Ya kusa nuna, ranka ya daɗe. Saura juyi ɗaya."

"Fita."

Tafinta na jingine a kusurwa. Siririn mutum ne, gilashinsa a ƙasa an taka. Ido ɗaya ya rufe ruf. Yatsun hannunsa na dama sun kumbura, biyu sun kalli inda bai kamata ba. Sufeto ya tsuguna ya ba shi ruwa.

"Jinin da ke rigarka?"

"Ɗaga ta na yi. Na zaci da sauran rai."

"Me ya haɗa ku da safe?"

"Na ƙi fassara mata magana."

"Wace magana?"

"Kan babban tulun nan. Shi za a kai wani baje koli a ƙasarsu. Ta ce in faɗa cewa shi ma sai an lotsa shi." Ya kurɓi ruwan. "Na ce ba da bakina ba. Na gaji. Kullum ni ke ɗaukar maganarta mai ƙaya in shafa mata zuma in miƙa. Na fita na bar ta, na yi ta yawo a titi. Da na huce na dawo, na tarar da ita haka."

"Ta ce ka faɗa wa wa?"

Tafinta ya kau da kai.

"Ina tambayarka. Wa za ka faɗa wa?"

"Mai tulun."

"Babanka ke nan?"

Tafinta ya rufe idon da ya rage.

"Babanka ya ce da idonsa ya ga ka shiga ɗakin."

Idon ya buɗe. "Baba ne ya ce haka?"

"Bai ko yi tari ba."

Tafinta ya daɗe yana kallon bango. Wani abu ya gangaro daga kumburarren idon, ruwa ne ko jini, ba a tantancewa. "To," ya ce. "Kawo takardar in sa hannu."

"Da wane hannun? Saje ya riga ya karya maka shi." Sufeto ya miƙe. "Ka jira gobe."

A baranda ya ce wa Saje kada ya ƙara taɓa shi. Saje ya ɗaga kafaɗa. "Yallaɓai ya ce kafin baƙi su iso. In hantsi ya yi ba ka kawo wani ba, ko da yatsan ƙafa ne sai ya dangwala."

Washegari rana ta fito da zafinta, ga iska mai busar da leɓe. Sufeto ya tara kowa a tsakar gidan ginin: magina a tsaye jikin bango, Gwani a kujerarsa, Mai Kwaɓi a raminta. Saje ya sauko da Tafinta daga mota cikin ankwa, ya zaunar da shi a ƙasa. Uban bai dube shi ba. Yayar ma haka.

Sai Sufeto ya sa 'yan sanda biyu suka ɗauko tulun a kan katakonsa, suka ajiye shi tsakiyar fili, inda babu inuwa ko ta tsinke. Ya zare tsumman ya jefa a kan cinyar Gwani. Ya ajiye bokitin ruwa kusa da kujerar.

Daga nan ya shiga tambayoyin banza. Ina ake haƙo laka. Wa ke sayo itace. Kwali nawa mota ke ɗauka. Yana tambaya yana hamma, kamar mai kashe lokaci, kuma lokacin yake kashewa. Magina suka fara motsi, wannan ya sosa wuya, wancan ya canza ƙafa. Tsohuwar jiya tana ta gunaguni cikin mayafi. Leɓen tulun ya fara sauya launi, duhun laka yana komawa fari-fari.

"Baba," in ji Sufeto, "tulunka na shan rana."

"Bar shi."

"Jiya an kusa cinye ni don na buɗe shi a cikin ɗaki. Yau ga shi a rana, mai shi ya ce a bar shi? Ga tsumma, ga ruwa. Jiƙa ka matse."

"Ni ba yaronka ba ne."

"Saje, taimaka wa Baba ya fito da hannuwansa."

Kafin Saje ya iso, tsohon ya fito da su da kansa. Rawa suke kamar ganye a iska. Ya kama tsumman, ya kai bakin bokiti, tsumman ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya tsoma, ya yi ƙoƙarin murɗawa. Ruwan ya zuba a rigarsa, tsumman ya faɗi cikin ƙasa. Ba wanda ya yi mamaki a cikin maginan. Kansu kawai suka sunkuyar.

"Wannan hannun ko cokali bai riƙewa," in ji Sufeto. "Kuma duk kun sani. Sunan Gwani ke jan kwali zuwa jirgi, tukwanenku na bin bayansa, shi ya sa kowa ya ɗinke baki. Madalla. To, tunda tulun ba shi da mai shi, sai mu zauna mu ga yadda rana ke tsaga laka. Ban taɓa gani ba."

Ya jawo benci ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Sautin tattaka laka ya tsaya.

Mai Kwaɓi ta fito daga ramin, laka har gwiwa. Ba ta kalli kowa ba. Ta wuce ta gaban ƙanenta kamar ta wuce turmi. Ta ɗauki tsumman, ta ɗauraye shi a bokiti, ta matse da murɗa ɗaya. Ta shimfiɗa shi a jikin tulun, ta murɗa gefen ta zagaya wuya, ta cusa bakin ciki. Tsaf. Kamar goyo.

"Ke!" Gwani ya yi ƙara. "Koma raminki, shashasha!"

Ya makara. Sufeto ya riga ya miƙe.

"Haka na tarar da shi jiya," ya ce. "Naɗin nan, ba wani ba."

"Don ta rufe tulu?" in ji Gwani. "Kowane magini zai rufe!"

"Ga magina nan cike da gida, Baba. Duk jikinsu ya yi ƙaiƙayi, amma ba wanda ya taka, don ba nasa ba ne." Sufeto ya zagaya tulun a hankali. "Bari in faɗa muku abin da ya faɗa min. Jini ya fantsama a jikinsa, amma bayan tsumman tas yake. Ke nan lokacin da aka yi dukan tulun a buɗe yake, bayan an kashe ta aka rufe shi. Dillali ba zai rufe ba, tsagewar ce ribarsa, kuma bakinsa na hannun likita. Tafinta bai san laka ba, ubansa da kansa ya shaida. Sauran magina suna bakin titi. Wanda ya yi kisa ya tsaya jiƙa tsumma da gawa a gabansa, magini ne, kuma tulun nasa ne."

Ya ɗaga gefen tsumman ya nuna kafaɗar.

"Babban yatsan marigayiya ya sha laka har farce. Jiya ba ta da tafinta, sai ta yi maganar da hannu. Ta danna nan, kamar yadda ta saba. To ina lotsawar? Babu. Nan ne kaɗai wurin da babu ɗigon jini, don an shafe shi bayan jinin ya sauka. Wani ya zura hannu ta wannan siririn wuyan, ya turo lakar daga ciki, ya gyara ta daga waje, har ba a gane an taɓa. Na haska tocila, sawun yatsun yana ciki, ƙanana ne. Kuma mai gyaran bai tsaya wanke hannu ba. Shi ya sa wurin ya fi duhu. Jininta aka kwaɓa a ciki."

Sufeto ya juya ga Mai Kwaɓi.

"Yaya, da kin jefar da dutsen kin fita, da yau ƙanenki ya tafi, ba wanda zai ƙara waiwayarki. Me ya tsayar da ke?"

"Da ya bushe a haka," ta ce, kamar wadda aka tambaya me ya sa take numfashi.

"Kin kashe mutum a kan tulu."

"Ba a kan tulu ba. A kan wannan." Ta ɗora tafin hannu a kan tsumman. "Tun da hannun Baba ya mutu ni ke gini, da asuba, kafin kowa ya zo. A rataya hotonsa, ban ce komai ba. A ce min Mai Kwaɓi, ban ce komai ba. Ita ta sani. Ta taɓa kama ni ina gini, ta ɗauki hoto, ta goge a gabana, ta ce fuskar tsoho ta fi sayuwa. Nan ma ban ce komai ba. Amma duk tulun da na gama sai ta zo da yatsan nan nata. Wannan na ce a bar min shi. Guda ɗaya, ya tafi yadda na yi shi. Na riƙe mata hannu ina girgiza kai. Ta yi min murmushi, ta shafa min kumatu kamar yarinya, ta danna. Ta juya za ta ɗauke shi hoto." Ta dubi tafin hannunta. "Dutsen yana hannuna."

"Kina ji aka tafi da ƙanenki. Kin san abin da ake yi wa mutum a can."

Sai yanzu ta kalli Tafinta. Ta dubi idon, ta dubi yatsun, fuskarta ba ta motsa ba.

"Shi ma yana ji ake lotsa min tuluna," ta ce. "Har fassarawa yake."

Tafinta ya sunkuyar da kai. Saje ya cire masa ankwa yana tsaki, kamar wanda aka ƙwace wa nama a baki, ya nufi matar da ita. Ta miƙa hannuwa da kanta.

"Sufeto." Gwani ne, ya taso yana dafa kujera. "Zo mu yi magana ta manya. Ku dai mutum ɗaya kuke nema ku nuna wa baƙi, ko ba haka ba? Ga shi kun riga kun kama ɗaya, har kun fara aiki a kansa. Ku riƙe wanda ke hannunku mana. Wancan ba ya tsinana min komai. Wannan in kuka tafi da ita, wa zai yi min gini?"

Bai ko rage murya ba. Tafinta ya tashi da ƙyar, ya rungume karyayyen hannunsa a ƙirji, ya bi ta gaban ubansa ya nufi ƙofa yana jan ƙafa. Ba wanda ya kira shi.

Waya ta yi ƙara. Yallaɓai ne, baƙi sun iso. Sufeto ya ce ga su nan tafe, da mai laifi da shaida.

"Ranka ya daɗe, tulun nan ba zai shiga mota ba," in ji Saje. "Ga nauyi, ga tsawo."

Sufeto ya duba agogo. "Ba ma buƙatar dukansa. Kafaɗar kawai likitanmu zai gwada, don jinin. Yanko ta."

Saje ya fizge tsumman ya yar, ya zaro wuƙa daga aljihu.

Mai Kwaɓi ba ta yi kuka a kan gawa ba. Ba ta yi a kan ƙanenta ba, ba ta yi da ankwa ta shiga hannunta ba. Amma da wuƙar ta nutse cikin lakar, dogon wuyan ya karkata ya rufta ciki, ihun da ta yi sai da ya tsayar da masu wucewa a titi.